Wuƙar Takabar Adawiyya

Shekara takwas Malama Hadiyya tana shugabancin makarantar matan aure ta gwamnati a Sandamu, amma ko kujerar zama ba ta da wadda za ta ce tata ce. Aron azuzuwa uku suke yi a wata firamare. Yara su tashi ƙarfe ɗaya da rabi su bar mata ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin benci, ƙarfe biyu matanta su fara shigowa, wannan da goyo, waccan da ciki, wata daga murhu ta taso, hayaƙi bai gama barin idonta ba. An buɗe makarantar ne jim kaɗan bayan ƙaddamar da Shari'a, lokacin da kowane mai wa'azi ke tuna wa jama'a cewa neman ilimi wajibi ne a kan mace da namiji. Aka yi jawabai, aka ɗauki hoto, manya suka shige motocinsu. Tun daga ranar ba wanda ya sake leƙowa sai mai kawo takarda.

Mai kawo takardar shi ne Malam Lawal, sufeto daga ofishin ilimi, mutum mai haƙuri da tsohuwar jaka. Ran nan ya same ta tana goge allo da gefen tsumma, ya gaishe ta har sau biyu, ta san ba alheri ya kawo ba.

"Malama, ni ɗan aike ne."

"Na sani, Malam Lawal. Faɗa min da baki, idona ya gaji da karatu."

"Shekara uku ke nan a jere ba ki fitar da ko mutum ɗaya ba. Sun ce in bana ma haka ta kasance, za a rufe makarantar a rarraba malamai." Ya rage murya kamar mai neman gafara. "Mutum ɗaya tak suke nema. Kiredit biyar, da Turanci da lissafi a ciki. Don dai a samu abin rubutawa a gaban sunanku, ba sifili ba."

Gurbi ɗaya ne a takardar tasu. Babu inda za a rubuta cewa Shatu, wadda ta zo ta manta ko rubutun sunanta, yanzu ita ke karanta wa matan unguwarsu takardar asibiti. Jarrabawar kuwa ita ce dai wadda 'yan mata 'yan shekara sha bakwai ke rubutawa, waɗanda ake dafa musu abinci a kaɗa musu ƙararrawa su zauna karatu. Wanda ya tsara ta bai taɓa warware lissafi yaro na jan hijabinsa yana neman nono ba. Hadiyya ta faɗi wannan magana a ofis har bakinta ya yi tsami, don haka ba ta sake ɓata yawunta ba. Ta ninke takardar ta sa a jaka.

Abin da ya hana ta karaya shi ne tana da mutum ɗayan. Cikin mata goma sha ɗaya da za su zauna jarrabawar kammala sakandare a shekarar, akwai Adawiyya. Shekararta talatin da uku, 'ya'yanta biyar, daga aji uku na sakandare ta bar makaranta ta yi aure, kuma kan nan nata bai yi tsatsa ba. A jarrabawar gwaji ta cinye darussa bakwai, lissafin ma da ke kayar da kowa ta haye shi. Mijinta Saminu, mai fataucin dabbobi, shi ke kawo ta a bayan babur. Ya sauke ta a bakin ƙofa ya ɗaga murya, "Malama, ga ɗalibarki nan, a matsa mata!" Matan aji su yi ta tsokanarta, ita kuma ta rufe fuska.

Saura kwana ashirin da uku a fara jarrabawa, Saminu na dawowa daga kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, motar shanu ta kwashe shi da babur ɗin. Kafin la'asar ɗin washegari an kai shi makwancinsa.

Hadiyya ta je ta'aziyya tare da matan aji. Gida cike, tabarmi har bakin rijiya. Adawiyya na ƙuryar ɗaki, babu kwalli, babu ɗan kunne, an tsefe mata kitso.

"Ya muka ji da haƙuri?"

"Da godiya, Malama."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Hadiyya ta zauna ana ta addu'a, sai ta kama kanta tana motsa yatsu a ƙarƙashin hijabi. Ba tasbihi take ja ba, kwana take ƙirgawa. Wata huɗu da kwana goma na takaba, daga jiya. Ko ta ina ta ƙirgo, jarrabawa tana tsakiyar takabar. Kunya ta rufe ta har ta ji zufa a bayanta. Ga marayu biyar a tsakar gida, mutumin da ke gaishe ta kullum ko kwana bai yi a kabari ba, ita kuma kiredit take lissafawa. Ta yi istigfari, ta daina ƙirgen. Tana fita ƙofar gida yatsun suka ci gaba da kansu.

Sai bayan sadakar bakwai ta koma, ta tafi da Malam Jafaru mai koyar da darasin addini a makarantar. Wadda za a roƙa ta bar Adawiyya ta fita jarrabawa ita ce uwar marigayin, Inna Maiturare, tsohuwar da ko liman sai ya gyara zama kafin ya yi mata magana. Saminu ɗanta ne na fari, don haka tun da ta haife shi ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, kuma mutuwa ba ta sauya wannan ba. Malam Jafaru ya tsuguna daga bakin zaure, tsohuwa na zaune a kan turmi daga ciki.

"Inna, a shari'a mai takaba tana iya fita da rana saboda lalura, muddin a ɗakinta za ta kwana. Jarrabawar nan kuwa sau ɗaya ake yi a shekara."

"Na ji. Ba na ja da littafi." Ta gyara zamanta a kan turmin. "Yaron nan ya so karatun nata. Ta je. Amma da wuƙa za ta fita."

Tsofaffin garin sun tashi sun tarar mai takaba ba ta tsallake ƙofar gida sai da ɗan ƙarfe a hannunta, don kada abin da ke bin wanda aka yi wa mutuwa ya same ta hannu sake. Malam Jafaru kuwa irin samarin malaman nan ne da suka sha alwashin share al'adu irin waɗannan. Ya gyara murya.

"Inna, ai wannan ba ta cikin littafi. Al'ada ce kawai, ba ta da asali."

"Jafaru, ranar da aka haife ka ni na ɗora wa uwarka ruwan zafi." Ba ta ko ɗaga murya ba. "Littafi ya ba ta hanya, na yarda. Wuƙa kuma ni na ba ta. Ko ta fita da ita, ko ta zauna."

Malam ya buɗe baki, Hadiyya ta yi masa wani kallo, ya mayar ya rufe.

A ɗaki Adawiyya ta nuna mata wuƙar. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi tsawon tafin hannu ba, cikin kube na fata da ya yi baƙi. Da ita Inna Maiturare ta yi tata takabar, kafin ita kuma uwarta.

"Adawiyya, in ba za ki iya ba ki faɗa min," in ji Hadiyya. Ta faɗa ne don ta sauke nauyi, zuciyarta kuwa addu'a take kada a ce mata a'a.

"Zan iya, Malama. Baban Raihana shekara uku yana ƙona mai yana kai ni. In na zauna, me zan ce na yi mishi?" Ta juya wuƙar a hannunta. "Sai dai na yi wa Inna alkawari ba zan ajiye ta ba har in dawo gida. Za su bari in shiga da ita?"

A nan Hadiyya ta yi kuskurenta, kuma ta san kuskure ne tun tana yinsa. Abin da ya kamata shi ne ta hau mota ta je Daura, makarantar 'yan matan da za su rubuta jarrabawar, ta yi wa masu kula bayani tun da sauran lokaci. Amma ta san halin ofis. Za a ce ta rubuto a takarda, takardar ta kwana a tebur, daga ƙarshe wani ya ce a'a don kawai a'a ta fi sauƙin faɗa. Ta gaji da roƙo. Ta ce a ranta abin da ba a tambaya ba ai ba a hana shi.

"Riƙe ta a hannun hagu cikin hijabi. Wa zai gani?"

Haka kuwa aka yi. Kullum da safe bas ɗin haya ya kwashe su goma sha ɗaya, ya bi ta tsakanin gonakin da gero ya fara rufe ƙasa, ya sauke su a Daura. Adawiyya na zaune ta taga. Ta rubuta Hausa, ta rubuta addini, ta rubuta Turanci, hannun dama na kan takarda, na hagu na ɓoye. Kafin la'asar tana ɗakinta. Har Hadiyya ta fara samun barci.

Ranar lissafi suka tarar an sauya babban mai sa ido. An ce labari ya kai sama cewa a wasu wurare mata na shiga da satar amsa a ƙarƙashin hijabi, shi ne aka turo wani dogon mutum daga kudu, ba ya jin Hausa sai sannu. Ya sa aka jera ɗalibai a rana, malamai mata biyu suna laluben su ɗaya bayan ɗaya. Hadiyya na tsaye daga gefe. Ta ɗaga ƙafa za ta je wurinsa, ta tsaya, ta ce bari ta ga ko za a wuce. Ba a wuce ba.

"Buɗe hannunki," in ji mai laluben. Ta ɗaga hijabin. "Wuƙa!"

'Yan mata suka watse da ihu kamar an jefa dutse cikin kaji. Ɗan sandan bakin ƙofa ya taho da sauri. Mai sa ido ya sa aka shigar da kowa, ya ware Adawiyya gefe, ya ce doka a bayyane take: wanda ya zo da makami ba ya shiga, kuma sai an rubuta sunansa. Hadiyya ta shiga yi masa bayani da Turanci, Turancin ya gudu ya bar ta. Ta ce mijinta ya mutu. Ya ce ya yi mata ta'aziyya, amma me ya haɗa mutuwar miji da wuƙa? Ɗan sandan, ɗan Baure ne, ya sa baki ya ce haka tsofaffi ke yi, shi ma ya ga kakarsa da ita. Mai sa ido ya sassauto, ya ce to ta miƙa wuƙar ta shiga. Adawiyya ta ƙi. Ba ta yi gardama ba, ta dai danƙe hannunta ta sunkuyar da kai.

Daga cikin ɗaki ana jin ƙarar buɗe takardu. Hadiyya ta dubi agogo, ta sake dubawa. Minti arba'in sun tafi cikin awa biyu da rabi.

Ta matsa kusa da ita. "Adawiyya, ba ni. Ba ajiye ta za ki yi ba, amana za ki ba ni. Ga gindin darbejiyar can, nan zan zauna, kina hango ni ta taga. Wallahi ba za ta taɓa ƙasa ba."

Adawiyya ta ɗago ta dube ta. Sannan ta buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta shiga.

Hadiyya ta zauna a kan saiwar darbejiya da wuƙa a hannu. Kuben da ɗumi, ya jiƙe da zufa, fatar ta lotsa daidai inda yatsu ke zama. Ita ma ta yi takaba shekara shida da suka wuce, kuma da wata gwaggonta ta kawo mata irin wannan wuƙa dariya ta yi, ta ce ita 'yar boko ce. Sai yanzu ta tuna yadda ta yi wata huɗu tana murza bakin zaninta har ya yage, hannu na neman abin kamawa. Ashe tsofaffin ba wawaye ba ne. Ta ji tausayin yarinyar, ta ji haushin kanta, kuma duk da haka wani sashe na zuciyarta bai daina lissafin tambaya nawa ake iya amsawa a awa ɗaya da minti hamsin ba.

Can mai sa ido ya fito shan ruwa, ya tsaya kusa da ita. Ya ce da babansa ya rasu, uwarsa aske kai ta yi ta zauna a tabarma, don haka shi ba baƙon irin wannan ba ne. Ya ce da ta same shi da safe kafin a jera ɗalibai ta faɗa masa, da ya sa an naɗe wuƙar a ƙyalle an ajiye a kan teburinsa, ya zaunar da matar a layin gaba inda za ta riƙa ganinta. Ya ce daga gobe haka za a yi, kuma ba zai rubuta sunanta ba. Hadiyya ta yi masa godiya. Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Da aka tashi, Adawiyya ce ta ƙarshen fitowa. Ta miƙo hannun hagu ta karɓi wuƙar kafin ta ce komai.

"Ya aka yi?"

"Na san su, Malama. Duk mun yi irinsu a aji." Idanunta sun kumbura. "Ba tsoro na ji ba. Na ɗauki biro, sai hannun nan ya rasa abin riƙewa, ya yi ta lalube a cinyata. Sai kawai na tuna babu shi. Tun ranar da aka fita da shi ban yi kuka ba sai yau. Da na dawo hayyacina an ce saura rabin awa."

"Allah ya sa alheri," in ji Hadiyya.

Sakamako ya fito gero na shiga rumbu. Adawiyya ta samu kiredit shida, har da Turanci. Lissafi kuwa ta tsallake faɗuwa da ƙyar, amma bai kai kiredit ba. Shatu ta samu uku, wata ta samu huɗu, abin da makarantar ba ta taɓa gani ba. A gurbin nan guda ɗaya aka rubuta sifili. Kwana takwas bayan haka Malam Lawal ya zo da jakarsa, wannan karon gaisuwa uku ya yi. An rufe makarantar. Hadiyya kuwa an mayar da ita wata makarantar 'yan mata a Daura, za ta fara ranar Litinin.

"Na yi musu bayanin wuƙar nan, Malama," ya ce. "Sun ce babu inda za su rubuta ta."

Ranar Juma'a Adawiyya ta fita takaba. Hadiyya ta je da takardu biyu a jaka, sakamakon da kuma wasiƙar rufewa, wadda ba ta riga ta faɗa wa kowa ba. Gidan ya sake cika da mata, an yi waina ana rabon sadaka. An yi wa Adawiyya kitso, ta sa sabon zani, kwalli ya dawo idonta. Inna Maiturare na kan turminta. Hadiyya ta durƙusa ta gaishe ta, tana jiran faɗa, domin ta san an ba ta labari tun ranar.

"An ce ke kika riƙe," in ji tsohuwar.

"Ni ce, Inna. Laifina ne."

"Ta taɓa ƙasa?"

"A'a."

"To, tashi."

Adawiyya ta karɓi sakamakon ta bi shi da yatsa layi bayan layi, ta tsaya a kan lissafi, ta wuce. Ta kai wa surukarta, wadda ba ta iya karatu ba, tsohuwar ta riƙe takardar da hannu biyu ta daɗe tana kallo.

"Lissafin kawai zan sake baɗi, ko Malama?" in ji Adawiyya. "Yaushe za mu koma?"

Kafin Hadiyya ta amsa, wata mata mai goyo ta matso, ta ce sunanta Kande, maƙwabciya ce. Ta ce maigidanta ya ce tunda har mai takaba ta je jarrabawa ba abin da ya faru, shi ba shi da sauran ta cewa, ta je a rubuta ta. Bayanta akwai wasu biyu suna tura juna.

Hadiyya ta sa hannu a jaka ta taɓa wasiƙar. Ta tuna motar Daura da sassafe, da dawowa cikin rana, da gwiwarta da ke ciwo. Babu aji, babu benci, babu alli, babu gurbin da za a rubuta ko ɗaya daga cikinsu. Wallahi ta gaji, gajiyar da ba ta taɓa ji ba. Ta zare hannunta daga jakar.

"Litinin," ta ce. "Amma ba ƙarfe biyu ba, bayan la'asar. Kuma ba a firamare ba, a gidana."

Adawiyya ta dube ta, ta dubi jakar.

"Me za mu zo da shi, Malama?" in ji Kande.

"Kowa ta zo da tabarmarta."